Gwangwanin Pani Odarka

A cikin mutanenmu 'yan Yukren na garin Bradford a Ingila, idan dattijo ya fara jin jikinsa yana masa gardama, ba likita yake fara nema ba, ba kuma Fadan coci ba. Yakan sa a toya masa kek, ya taje gashin baki, ya tafi gaida Pani Odarka, wato Uwargida Odarka. Ita kuwa takan karɓi kek ɗin, ta dube shi tun daga hula har takalmi, ta ce, "Da saura. Koma gida ka sha shayi."

Dalilin wannan zumunci na gaggawa yana kan kantar kicin ɗinta, tsakanin gishiri da hoton Uwa Maryamu. Wani tsohon gwangwanin shayi ne, fentinsa ya goge, cikinsa kuwa ƙasa ce, baƙa wuluk, daga tsakar gidan mahaifinta can wajen Poltava. A wurinmu ba a rufe ɗan Yukren a baƙon wuri ba tare da an barbaɗa masa ƙasar gida a kan akwati ba. Kuma duk faɗin garin nan, shekara da shekaru, ita kaɗai ke da ita.

Ni ɗan baftismarta ne, Miron. Ita ta riƙe ni a coci ranar da aka tsoma ni a ruwa, kuma har ta koma ga Allah ba ta daina faɗa wa mutane cewa na jiƙa mata riga ba, kuma ba da ruwan Fada ba.

Tana budurwa 'yar shekara sha bakwai, lokacin babban yaƙin duniya, sojojin Jamus suka zo ƙauyensu kwasar matasa aikin dole. Iyayen sauran yara suka riƙa cusa musu burodi da safa. Mahaifiyar Odarka ba ta da burodin, sai ta durƙusa a gindin itacen tuffar gidan, ta damƙo ƙasa, ta ƙulle a ɗankwali, ta tura mata a ƙirji. Odarka takan ce a cikin jirgin ƙasa ta yi ta jin haushi. "Kowa yana tauna abu, ni an haɗa ni da gona." Amma ba ta yar ba. Ƙullin ya bi ta gonar wani Bajamushe inda ta yi ta tatsar shanu, ya bi ta sansanin 'yan gudun hijira bayan yaƙi, ya hau jirgin ruwa da ita zuwa Ingila, inda aka ce ana neman hannu a masaƙar ulu. A can ta auri Panas, mutum mai haƙuri wanda ƙarar injin ta cinye masa rabin kunne, abin da shi da kansa ya ce ya taimaki auren ƙwarai.

Duk wanda ya zo a wancan lokaci da magana ɗaya ya zo: baɗi za mu koma. Da wannan magana aka gina coci biyu, domin ba zai yiwu a yi jiran baɗi a coci ɗaya ba. Da ita aka buɗe kulob biyu a titi guda, suna kallon juna, kowanne yana da tabbacin shi ne zai 'yanto ƙasar daga hannun Rasha, ɗayan kuwa 'yan leƙen asiri ne. Odarka ta fi kowa riƙe maganar. Ta karɓi ɗan fili a lambunan haya na bayan layin dogo, amma ba ta shuka komai sai abin da za a girbe a shekarar: kabeji, dankali, albasa, tafarnuwa. Panas ya roƙe ta su dasa tuffa ko guda ɗaya ce.

"Mu dasa wa wa?" in ji ta. "Kafin ta yi 'ya'ya muna gida. Turawan Ingila za su ci?"

Ƙasar lambun kuwa ba irin zagin da ba ta sha ba. Laka ce rawaya, mai danƙo, ga tokar gawayi. "Wannan ba ƙasa ba ce," takan ce, "abin yin bulo ne." Tana zagi tana zuba mata kashin doki, da ganyen shayi, da ɓawon ƙwai, da duk abin da ya ruɓe a kicin.

Mutuwar farko a cikin mutanenmu ta wani saurayi ce da ke aiki a ɗakin wanke ulu. A bakin kabari Fada ya ɗaga kai ya tambaya ko akwai mai ƙasar gida. Ba wanda ke da ita. Maza manya, waɗanda suka tsallake iyaka da iyaka, kowa ya sunkuyar da kai. Sai Odarka ta buɗe jaka, ta kwance ɗankwalin, ta ba da cokali guda cike. Daga ranar ƙasar ta koma gwangwani, ita kuma ta koma hukuma.

Ba ta taɓa hana kowa ba, wannan kam sai a faɗa. Amma cokalin yana da ƙwaƙwalwa. Wanda ya yabi borsh ɗinta, jar miyar nan da take taƙama da ita, ya samu cokali da tozo. Wata mata da ta taɓa cewa a gaban jama'a miyar ta yi tsami, an rufe ta da abin da bai fi a sa wa ƙwai gishiri ba. 'Yan cocin sama da 'yan cocin ƙasa, waɗanda ba sa gaisawa ko a layin burodi, sukan haɗu a ƙofar gidanta kowa da faranti a hannu, suna kallon sama kamar ana hasashen ruwa.

Pan Zenon, wato Malam Zenon, shugaban babban kulob, abin ya tsaya masa a rai. Mutum ne mai son jawabi, wanda kan fara kowace magana daga zamanin sarakunan Kyiv ko da tambayarsa aka yi ina makullin banɗaki. Ya kira taro, ya ce ƙasar uwa dukiyar al'umma ce, bai dace ta zauna kusa da gishirin mace ɗaya ba. Ya kawo shawarar a ajiye gwangwanin a akwatin gilashi na kulob, a naɗa masa kwamiti. Aka yi ta tafi. Aka fara rigima kan wa zai zama mataimakin shugaban kwamitin.

Odarka tana zaune a baya tana saƙa. Da hayaniya ta lafa sai ta ce, "Pan Zenon."

"Na'am, Pani."

"Tarin nan da kake yi tun ɗazu, ya daɗe?"

"Sanyi ne kawai."

"Haka marigayi Hnat ma ya ce." Ta ci gaba da saƙarta. "Ni dai ina tausaya wa mutumin da zai kwanta yana jiran kwamiti ya cika."

Pan Zenon ya sha ruwa, ya ce bisa la'akari da yanayin da ƙasa ke ciki a ɗage maganar zuwa wani zama. Ranar Lahadi matarsa ta kai kek.

Shekaru suka yi ta tafiya, baɗi ba ta zo ba, ƙasar gwangwani kuwa tana sauka. Cokalin shayi ya koma cokalin gishiri. Cokalin gishiri ya koma yatsa uku. Ranar da Panas ya rasu kowa ya zuba ido a ga ko za a yi wa miji alfarma. Yatsa uku ta ba shi, daidai da kowa.

"Ya saba da kaɗan," ta ce wa Fada. Sai da muka koma gida na gan ta tsaye a kicin, ta jera faranti biyu a tebur, ta rasa yadda za ta yi da ɗayan.

Kwatsam sai ga abin da aka yi shekara arba'in ana wa jawabi ya faru: ƙasar ta samu 'yanci, hanya ta buɗe. Kulob biyun suka yi biki daban-daban, kowanne yana taya kansa murnar aikin da ya yi. Aka fara tafiya ziyara, ana dawowa da ƙasa a leda, a kwalba, wani har a takalmi. Pan Zenon ya dawo da tulu guda, ya sa a akwatin gilashin da ya daɗe yana jira, ya ce mulkin kama-karya ya ƙare a ko'ina, ciki har da wani kicin.

Odarka ta je ta gani. Ta sa aka buɗe mata, ta murza a yatsa, ta shinshina.

"Ƙasar gandun gwamnati ce," ta ce. "Ta sha takin zamani da jawabi. Wanda aka rufe da wannan, ko a lahira sai an sa shi layi."

Kek ya ci gaba da zuwa gidanta. Shi kansa Pan Zenon, da tarin gaskiya ya zo, ya bar wasiyya a asirce cewa daga gwangwani yake so.

Ita dai ba ta je gida ba. Shekarar farko kabeji ne bai ƙosa ba. Ta biyu ƙafa ce. Ta uku ta ji an ce matuƙan jirgin sama yara ne. Wata rana ina tuƙa ta zuwa coci na matsa mata.

"Iya, kin shekara hamsin kina cewa baɗi. Ga baɗi ta zo."

"Kalli hanya, Mironku, kana tuƙi kamar mai kai ƙwai." Muka wuce fitilar hanya. Sannan ta ce, "In na je na tarar babu gidan, babu tuffar, to ƙasar ina ce a gwangwanin?"

Ban sake tambaya ba.

Da ta haura casa'in ta riga ta rufe kusan duk wanda ya taɓa kawo mata kek. Masaƙu sun mutu, kulob ɗaya ya zama shagon kafet, jikokin masu 'yanto ƙasa ba su iya komai a harshen ba sai sunan abinci. Abin da ya rage a gindin gwangwanin bai cika cokali biyu ba. Sai ta sa na kai ta kulob ɗin da ya saura, ta tsaya a kan sandarta, ta yi sanarwa: an rufe. Sauran nata ne. Ta shekara saba'in tana raba wa mutane mahaifiyarta da cokali, yanzu tana son abin da za a sa mata ita ma. Duk mai shirin mutuwa ya nemi tulun Zenon.

Daga nan ta fara gadin gwangwanin kamar kaza da ƙwai. In na je sai ta girgiza shi kusa da kunne ta ji motsinsa. Ta sa na rantse cewa ranar da aka zo rufe ta ni zan juye shi da hannuna, in kuma buga gindinsa, kada ƙwaya ɗaya ta maƙale.

Sai yaƙi ya sake ɓarkewa, Rasha ta shigo, mutane suka fara isowa da jaka ɗaya ɗaya. Mutanenmu suka karɓe su da hawaye na gaskiya, aka tara barguna har suka rasa wurin zama. Bayan wata biyu kuma aka fara gunaguni a kulob cewa baƙin nan ba su cika zama 'yan Yukren sosai ba. Ba su san waƙoƙinmu ba, suna cakuɗa harshe, wasu ba su san wace coci ce tasu ba. Pan Yarema, ɗan Zenon, wanda ya gaji kujerar da gashin bakin, wanda kuma sau ɗaya ya taɓa taka ƙasar na mako guda, ya ba da shawarar a buɗe musu ajin koyon al'ada.

Odarka ba ta je taron ba. Ta ce a kawo mata mutum biyu, ɗakin sama yana nan. Aka kawo Zoryana, mai aikin jinya daga wani ƙauye a kudu da sojoji suka mamaye, da mahaifiyarta Pani Lyuba, 'yar shekara saba'in da wani abu, wadda Odarka ta kira "yarinya" tun daga ƙofa.

Ba su kwana uku ba aka fara yaƙin borsh.

"Yarinya, me kike zubawa a tukunyata?"

"Kifi, Pani. Haka muke yi a wajenmu."

"Kifi! A borsh! Shi ya sa aka ci ku da yaƙi."

"Ku da ba ku sa kifi, ai tun kina budurwa aka ci ku."

Odarka ta kalle ta, ta kalle ni, ta ce, "Wannan za ta yi." Daga ranar suka zama ba a jin kansu sai a kan gishiri.

Abu ɗaya ne Odarka ba ta tsokane ta a kai ba. Lyuba ba ta kwance jakarta ba. Tana nan a bayan ƙofa, a ɗaure, makullin gidanta rataye a wuyanta. In aka ce ta sayi takalmin sanyi sai ta ce, "Na mene? Wata mai zuwa muna gida." Duk lokacin da ta faɗi haka Odarka takan tashi ta je ta duba tukunyar da ba ta buƙatar dubawa. Sau ɗaya na tarar da su a kicin, gwangwanin a buɗe, Lyuba ta sa hanci a ciki, idonta a rufe.

"Kamar tamu bayan ruwan farko," ta ce.

"Shinshina kawai aka ce," in ji Odarka, ta karɓe ta rufe. "Kada ki shaƙe min rabi."

Cikin sanyin shekarar zuciyar Lyuba ta tsaya, ba ta yi jinya ba. Zoryana ba ta roƙi komai ba, ta san dokar gidan. Ni na je wajen Pan Yarema neman ƙasar tulu. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce abin ya taɓa shi matuƙa, sai dai fitar da ƙasa yana buƙatar amincewar kwamiti, kuma makullin akwatin yana hannun sakatare, sakatare kuma yana Sifen yana shan rana saboda ƙashinsa.

Da safen jana'iza Odarka ta shigo mota ta rungume jaka a ƙirji.

"Kada ka kalle ni," ta ce. "Ban ɗauko komai ba."

"Ban ce komai ba, Iya."

"Fuskarka ta ce. Na riga na yi sanarwa. Mace mai shekaruna ba ta magana biyu."

Duk ramin da muka faɗa a hanya sai in ji wani abu ya yi ƙaras a cikin jakar.

A bakin kabari Fada, wani matashi da ya san al'adar daga littafi, ya gama addu'a, ya ɗaga kai, ya tambaya ko akwai mai ƙasar gida. Kowa ya sunkuyar da kai, kamar wancan karon da aka ba ni labari. Pan Yarema ya duƙufa yana nazarin takalminsa. Zoryana tana tsaye riƙe da makullin gidan mahaifiyarta, ba ta kalli kowa ba.

Sai na ji sanda tana taɓa ƙasa. Odarka ta matso a hankali, ta buɗe jaka, ta fito da gwangwanin. Ta sa yatsa uku, ta ɗago, ta duba abin da ta ɗebo, ta leƙa abin da ya rage. Ta mayar. Ta sake gwadawa da yatsa biyu. Ƙasar tana zubewa tana komawa ciki. Duk yadda ta raba, ba rabon da ya isa mutum.

Ta miƙa wa Zoryana gwangwanin. "Juye."

"Duka, Pani? Naki ne fa."

"So kike in canja ra'ayi? Juye, 'yar nan, hannuna ya gaji. Ki buga gindin." Ta leƙa ramin ta ce, "Ke kuma yarinya, kin ga abin da kika jawo min. Kika tsallake layi."

A hanyar komawa ba ta yarda an wuce wajen cin abincin makoki ba. Ta ce in kai su lambu. Muka tsaya cikin sanyi, ita da Zoryana da ni, a gaban kunyar tafarnuwa. Ta sa na tari ruwa a famfo cikin gwangwanin da bai taɓa ganin ruwa ba tun da ya daina shayi. Ta girgiza shi sosai, ta kwarara a kan kunyar. Sannan ta sa Zoryana ta damƙo mata ƙasar wurin, ta murza a tafin hannu, ta daɗe tana kallo. Shekara saba'in na kashin doki da ganyen shayi da zagi sun yi aikinsu. Baƙa ce wuluk.

"Hm," ta ce. "Yaushe ta yi haka ba ta gaya min ba?"

"Ta daɗe, Iya."

"To yanzu dai sun gauraya. Mai iya rabawa ya zo ya raba." Ta kakkaɓe hannu. "Mironku, gobe ka sayo min dashen tuffa."

"Iya, kafin ta yi 'ya'ya…"

"Na sani. Turawan Ingila za su ci. Su ci, sun yi haƙuri da ni."

Ta ga furen tuffar sau biyu, ta ce na farkon bai kai na gida ba, na biyun kuma ya ɗan yi hankali. Ta rasu saura kaɗan ta cika ɗari, a kujerarta, bayan ta gama gaya wa Zoryana cewa borsh ɗin ya yi gishiri.

Ranar rufe ta Zoryana ta zo da gwangwanin cike har baki daga gindin tuffar. Pan Yarema, wanda a wannan karon ya zo da tulun mahaifinsa da cikakken izinin kwamiti, ya matso ya yi mata raɗa.

"'Yata, ba don in ɓata rai ba, amma wannan ai ƙasar Ingila ce. Filin ma na ƙaramar hukuma ne."

"Ta ce za ka faɗi haka, Pan Yarema," in ji Zoryana. "Ta ce in gaya maka filin ya daɗe da zama namu, hukuma ce ba a sanar wa ba. Ta kuma ce in tambaye ka yaya tarin."

Ya ja da baya da tulunsa. Na juye gwangwanin da hannuna, na buga gindinsa kamar yadda na yi alkawari.

Yanzu yana kan kantar Zoryana, tsakanin gishiri da makullin gidan mahaifiyarta, kuma ba ya ƙarewa, tun da lambun yana nan. Jakar bayan ƙofa ce dai har yau ba ta kwance ba, mu kuma ba ma tambaya. Na lura dattawan kulob sun fara gano cewa yarinyar nan 'yar Yukren ce ta ainihi, har Pan Yarema ya yabi borsh mai kifi a bainar jama'a. Makon jiya ni ma na sa matata ta toya kek na kai mata. Ba wani abu ba ne, gwiwa ce kawai take ɗan yi min gardama. Ta karɓa, ta dube ni tun daga hula har takalmi, ta ce da saura.